Suna Mai Zuwa Nesa

Sunanta ba baƙo ba ne. Irin sunan nan ne da in ka tsaya tsakiyar kasuwa ka ɗaga murya ka kira shi, sai ka ga mata suna waiwayowa ta ko'ina, daga mai goyo har mai dogara sanda. Ba sai na faɗa muku shi ba, na tabbata akwai mai shi a danginku, in ba kaka ba ce to jika ce. Abin da ya ɗaure wa Tela kai shi ne yadda mahaifiyarta ta bi matan unguwa kaf tana raba musu sunan nan kyauta, sai ita mai shi kaɗai aka hana.

Tela ake ce mata saboda sana'arta. Ɗinkin mata take yi a falon gidan da suke haya ita da Inna. Gidan ɗaki da falo ne, sai wata doguwar siririyar hanya da ta miƙe daga ƙofar waje har cikin falon, wadda in mutum biyu suka haɗu a cikinta sai ɗaya ya karkace. Keken ɗinki na jikin taga, teburin yanka da dutsen guga na gefe, ƙyallaye kuwa duk inda ka sa ƙafa. Kujerar Inna tana dab da keken, tana fuskantar hanyar nan, don Tela ta riƙa ɗinki tana sa mata ido. Tun da ciwon mantuwa ya kama tsohuwar, Tela ba ta yarda ta yi nesa da ita ba. Ita ke ba ta abinci a baki, ita ke yi mata wanka, gado ɗaya suke kwana. Ko zare ne ya ƙare, sai ta bari Inna ta yi barcin rana sannan ta roƙi maƙwabciya ta zauna mata, ta fita a gurguje ta dawo a gurguje.

To da zarar inuwar mace ta bayyana can bakin ƙofa, sai Inna ta gyara zama ta kira sunan. Ko wace ce. Mai kawo ɗinki, mai karɓar ɗinki, mai tallan sabulu, har wata da ta yi ɓatan kai tana neman gidan mai gyaran gashi. Idan matar ta ƙaraso ta rusuna tana gaisuwa, sai Inna ta ƙura mata ido, hasken fuskarta ya dushe, ta ce, "Au. Sannu, baiwar Allah," ta koma ta jingina. Waɗanda suka saba sukan amsa tun daga ƙofa, "Na'am, Inna," suna dariya. Sababbi kuwa sai su tsaya turus suna duban bayansu.

Ita kuma 'yar da ta haifa, "Mai ɗinki" take ce mata. Da ladabi ma take faɗa, abin da ya fi yi wa Tela ciwo ke nan.

"Mai ɗinki, sannu da ɗawainiya," in ji ta wata rana bayan an goge mata baki. "Iyayenki sun iya tarbiyya. Amma ke ba kya zuwa gida ne? Ba sa nemanki?"

"Inna, nan ne gidanmu. Ni ce 'yarki."

"Allah sarki," in ji Inna, ta shafa mata hannu kamar mai lallashin marainiya. "Ai duk ku 'ya'yana ne."

Wanda ya san Inna da ƙarfinta ba zai yarda ita ce wannan ba. Mace ce mai murya. Idan ta tsaya ƙofar gida da yamma ta ƙwala wa 'yarta kira, har masu shago na ƙarshen layi sukan taya ta da cewa, "Ke, je ki ana kira, mu samu kunnenmu ya huta." Tela tana yarinya ta tsani kiran nan, don yara kan kwaikwaye shi a makaranta. Yanzu da furfura ta fara leƙowa ta gefen ɗankwalinta, ga tabarau a kan hanci, da za a ce ta ba da keken nan a yi mata kiran sau ɗaya, da ba ta tsaya wata-wata ba.

Ana haka Yaya ya bugo waya. Su biyu Inna ta haifa, shi ne babba. Yana zaune a wani gari mai nisa, gidansa da yalwa, matarsa kuma ma'aikaciyar jinya ce. Ba mugu ba ne. Mutum ne dai da in ya ga abu a karkace ba ya samun sukuni sai ya miƙe shi, ko da abin a karkacen ya fi zama daidai.

"Ƙanwata, ranar Asabar zan zo da mota," in ji shi. "Ki haɗa mata kayanta. Kin gaji, muryarki ma ta nuna."

"Ban ce maka na gaji ba."

"Ba sai kin ce ba. Ki faɗa wa kanki gaskiya, Inna ba ta san da wa take zaune ba. Can da nan duk ɗaya ne a wurinta, nan kuwa ga wadda ta san aikin."

"Ta san ni."

"Wancan zuwan da na yi, a gabana ta tambaye ki 'yar gidan wa ce ke."

Yaya ya ja numfashi, ya sassauta murya.

"To shi ke nan. In na zo ta nuna ki ta ce ga 'yarta, ni da hannuna zan sauke jakar. In ba haka ba, kada ki ce na yi miki fin ƙarfi."

Ta ajiye wayar ta koma kan keke. Sai da ta gama ta ɗaga rigar ta ga ta haɗa hannun a baibai.

Likita ya taɓa ce mata ta riƙa rataye hotunan 'yan gida inda Inna za ta riƙa gani, da suna a ƙasa, wai wani lokaci yakan taimaka. Ba ta ɗauki maganar da muhimmanci ba sai yanzu. Washegari da Inna ta yi barci, ta nufi shagon mai firem ɗin hoto da ke jerin shagunan bakin tasha. Shagon ɗan tsukuku ne, bangonsa ba masaka tsinke don firamai, kowanne da sunan wata ko wani da ruwan zinari, da rubutu a ƙasa, da ƙananan hotuna kewaye.

"Hotona kawai nake so," in ji ta, "da sunana a ƙasa, da manyan baƙaƙe."

Ta faɗa masa sunan. Mai firem ya dube ta kamar ta ce ya yi sata.

"Suna tsirara haka? Haba, Anti. Mu nan ba ma sakin suna ba sutura. Sai da ma'anarsa, sai da manyan matan da suka yi fice da shi. Ballantana irin naki, babban suna, tsohon suna."

"Mahaifiyata ce ba ta da lafiya. So nake ta duba ta gane ni."

"To ai shi ya sa. In ta gan ki tsakiyar manya, za ta fi saurin tunawa."

Tela ta juya maganar nan a ranta. Ba ta ga inda ta tsaya ba, ba ta kuma ga inda za ta kama ta musa ba. Kafin ta gama tunani har ya hau danna kwamfuta.

"Ga shi. Ma'anarsa wani itace ne mai fure, mai ƙamshi."

"Gwaggona cewa take yi ma'anarsa adon uba."

Ya sake dannawa, ya matso da fuska jikin allon. "Su kuma waɗannan haka suka ce. Bari mu ji ta bakin wasu." Ya karanta, ya sosa ƙeya. "Su kuwa wai ba wanda ya san asalinsa. Ƙyale su, ba su da aikin yi." Sai ya rubuta duka biyun ya sa "ko kuma" a tsakaninsu, ya ce mai karatu ya zaɓa.

Daga nan ya fito da manyan. Ga wata da ta daɗe tana karanta labarai a talabijin, ta harɗe hannu a kan tebur. Ga wata mawaƙiyar zamanin da, baki buɗe. Ga wata 'yar tsere da lambar zinari a wuya. Ga kuma wata sarauniya ta dauri da kambi a ka.

"Wannan a ina ka samu hotonta?" in ji Tela. "A zamaninta akwai kyamara?"

"Kwamfuta ce ta ƙiyasta. Ai ba wanda zai zo ya ce ba haka take ba."

Ya zaunar da ita a kan wata doguwar kujera ya ɗauke ta hoto. Ya so ya goge mata tabarau da layukan goshi da na gefen baki, ya ce kowa haka yake so. A nan kam ta tsaya tsayin daka. Ta ce ya bar ta yadda take, don wannan fuskar ce Inna ke gani kullum. Ya sa ta a tsakiya, manyan suna kewaye da ita, ya naɗe mata firem ɗin a jarida.

Da ta dawo ta kafa ƙusa a bangon da ke gefen kujerar Inna ta rataye. Inna ta farka, aka zaunar da ita, idonta ya faɗa kan ruwan zinarin. Har yanzu tana iya haɗa manyan baƙaƙe. Leɓenta ya motsa, ta karanto sunan a hankali, fuskarta ta washe. Tela ta matso kusa da ita.

"Ga ta nan," in ji Inna.

Yatsanta ya tashi, ya wuce tsakiya, ya sauka kan mai karanta labarai.

"Dubi yadda ta zauna. Da ma na san za ta yi nisa, ga kai."

"Inna, duba tsakiya."

Inna ta duba tsakiya, ta dubi Tela, ta sake duban tsakiya.

"Mai ɗinki, ke kuma me ya kai ki cikin hoton 'yata?"

Da safe ba ta ko kalli mai labarai ba. 'Yar tseren ta nuna, ta ce ai da ma yarinyar ba ta zama wuri ɗaya, in aka aike ta sai ta dawo tana haki. Da rana ta gano mawaƙiyar, ranta ya ɓaci, ta ce wa ya ba ta izinin waƙa gaban maza, bari ubanta ya dawo. Sarauniyar kuwa ta daɗe tana kallonta, sannan ta tambaya a hankali yaushe aka naɗa ta ba a gaya mata ba. Kafin magariba lissafin ya haɗu a kan Inna ta hanyar da Tela ba ta taɓa zata ba. Ta yanke cewa duk matan nan 'ya'yanta ne, duk sunansu ɗaya, duk sun zama manya, kuma ba wadda ta taɓa leƙowa ta gaishe ta. Ta yi kuka sosai. Mai ɗinki ce ta share mata hawaye, ta kuma sha godiya.

Ranar Alhamis Gwaggo ta zo, ƙanwar marigayi mahaifinsu, ta kawo gyaran riga. Tun daga ƙofa aka raɗa mata sunan, ta amsa da tsaki. Ta sa tabarau ta karanta firem ɗin, ta taɓe baki.

"Wane irin itace kuma? Adon uba ne, ba wani ko kuma. Yayana ne ya zaɓa, don ya daɗe yana son 'ya mace. Sunan kakarmu ya mayar."

"Yaya cewa ya yi sunan ungozomar da ta karɓi haihuwata ne."

"Shi yana nawa a lokacin? Majina ma bai iya sharewa ba." Ta ƙara duban mawaƙiyar. "Ko da yake, ubanki ya so waƙar matar nan. Ba ya bari a taɓa rediyo in tana yi. Uwarki har yaji ta kusa yi a kan haka."

"To Gwaggo, wanne ne gaskiya?"

"Duka mana. Ke dai kama min rigar nan ta ƙugu, na rame."

Bayan ta tafi Tela ta tsaya gaban firem ɗin. Itace ce ko ado, kaka ce ko ungozoma ko mawaƙiya. Ta dubi matar da ke tsakiya da tabarau da gajiyayyen ido, sai ta ji kamar Inna ta fi ta gaskiya, matar nan kutse ta yi. Da yamma wata tsohuwar ƙawarta ta shigo ta kira ta da sunanta na ainihi, Tela ta ci gaba da taka keke, tana jiran mai sunan ta amsa. Sai da aka dafa ta sannan ta zabura. Abin ya ba ta tsoro, ta fara tambayar kanta ko ciwon nan ana ɗauka ne.

Ranar Juma'a da la'asar ba mai ɗinki ko ɗaya. Tela ta sauke firem ɗin ta juya fuskarsa bango, Inna ta ce a mayar mata da 'ya'yanta, aka mayar. Jakar tafiya na kan gado a buɗe, ba a sa komai ciki ba. Tela ta zauna a ƙasa kusa da kujera tana yanke wa Inna farce. Ta gaji da cewa ni ce. Sai ta ga bari ta yi tambaya a matsayin da aka ba ta.

"Inna, ni kuwa in tambaye ki. 'Yar nan taki, wa ya zaɓa mata suna?"

"Ni mana."

"An ce babanta ne."

"Shi ya faɗa wa mutane. Ni na faɗa masa."

Tela ta tsayar da yankan. Rabon da Inna ta yi magana a jere haka har ta manta.

"Don wa kika sa? Kakar babanta, ko mai waƙar nan?"

"Wace mai waƙa?"

"To me yake nufi, sunan?"

Inna ta dube ta da mamakin yadda babbar mace za ta yi tambayar yara.

"Nufi kuma? Yana da daɗin kira. Ina da ciki na riƙa gwada sunaye a bayan gida, ina shanya ina kira. Wani in kin kira shi nan yake faɗuwa gabanki. Wannan kuwa yana zuwa nesa. In na tsaya ƙofa na sake shi, ko tana bakin famfo sai ta ji."

"Shi ke nan?"

"Me kike so kuma? Yanke min wannan, yana kama zane."

Tela ta yanke. Ta sa rai za ta ji wani abu da za ta riƙe, wata kaka ko wani labari da za ta tuna wa Inna gobe gaban Yaya. Ashe ba itace ba ado, an zaɓe shi ne yadda ake zaɓen ƙararrawa. Ta tashi ta fara ninke zannuwa tana sawa a jaka, tana yi tana fitarwa.

Yaya ya iso da hantsi. Layin ya yi wa mota ƙunci, don haka ya ajiye ta can tsallaken titi, daidai saitin ƙofar gidan, ya tako. Ya durƙusa gaban Inna ya gaishe ta, ta amsa masa da "Sannu, bawan Allah, an zo lafiya?" Ya haɗiye abin bai nuna ba. Ya sha ruwa, ya ƙare wa firem ɗin kallo, ya buɗe baki zai yi magana, ya dubi ƙanwarsa ya fasa.

"Inna," in ji shi, yana nuna Tela, "wace ce wannan?"

Tela ta cire tabarau, ta matso har gwiwarta na taɓa ta Inna. Ta yi murmushi iya ƙarfinta.

"Mai ɗinki ce," in ji Inna. "Yarinyar kirki. Ba ta da ƙyashin aiki."

"To 'yarki fa, tana ina?"

Inna ta ɗaga hannu wajen bango. Yatsan ya yi ta yawo daga sarauniya zuwa 'yar tsere, daga 'yar tsere zuwa mai labarai, ya kasa sauka.

"Suna wurin aiki," in ji ta daga ƙarshe.

Yaya bai ce ai na faɗa miki ba, ita kuwa ta gode masa a ranta. Ya ɗauki jakar ya kai mota, ya dawo ya kama Inna suka bi siririyar hanyar nan a hankali, shi a gaba da baya-baya, ita tana jan ƙafa. A tsakiyar hanya Inna ta waiwayo kaɗan ta ce, "Mai ɗinki, a gaida mutan gida." Tela ba ta iya bin su ba. Ta zauna a kan kujerar da aka tashi, ɗumin jikin Inna na nan bai huce ba. Ga baƙin ciki, ga haushin kanta, ga haushin mai firem da kwamfutarsa.

Can ta hango robar magungunan Inna a kan teburin yanka, ƙarƙashin wani ƙyalle. Ta sure ta ta bi hanyar da sauri. Tana isa bakin ƙofa ta ji an ta da mota, sai ƙafafunta suka ƙi gaba. Ta tsaya nan, tef ɗin awo a wuya, hannu ɗaya a ƙugu, ta harɗe ƙafa yadda take yi tun tana yarinya in abu ya fi ƙarfinta.

Sai aka kira sunan.

Ba irin kiran da ake yi wa masu kawo ɗinki ba ne, mai laushi, mai kama da tambaya. Wannan daga ciki ya fito, ya tsallako titi, ya daki bangon gidan. Mai gyaran takalma na bakin layi ya ɗaga kai. Inna ta leƙo da kanta ta tagar mota, idonta kyam a kan ƙofar.

"Kin tsaya kin harɗe ƙafa kamar ba da ke nake ba. Direba, tsaya, 'yata ba ta shigo ba."

Tela ba ta san lokacin da ta tsallaka titin ba, har wani mai babur ya zage ta. Ta iso jikin motar tana haki, ta kama gilashin da hannu biyu, ta sunkuyo da fuskarta dab da ta Inna.

"Na'am, Inna. Ga ni. Ga ni."

Inna ta ƙura mata ido. Hasken nan ya dushe a gabanta, kamar yadda ta sha ganin yana dushewa gaban wasu.

"Au, mai ɗinki. Kin ga 'yata? Yanzu na hango ta a ƙofa." Ta sa bayan hannu ta ture kafaɗarta. "Matsa, kin tare min ita."

Tela ta matsa. Ta waiwaya ta dubi ƙofar, ba kowa sai labule. Ta dubi Yaya, shi ma ita yake kallo, hannunsa a kan sitiyari, bakinsa a ɗan buɗe. Sai matan nan suka faɗo mata a rai, yadda kowacce ke samun sunan tun tana can bakin ƙofa, ta rasa shi in ta ƙaraso. Ita kuwa tun da ciwon ya fara, ba ta taɓa bari Inna ta hango ta daga nesa ba. Kullum tana jikinta, da cokali ko da soso, fuskar wata dattijuwa mai tabarau wadda Inna ba ta taɓa haifa ba.

Ta miƙa wa Yaya robar magani ta taga. Ta juya ta tsallaka titin, wannan karon a hankali. Kowane taku ji take kamar ana cire mata wani abu a ƙirji, don ba ta saba ba wa Inna baya ba. Ta isa ƙofar, ta juyo, ta tsaya.

Sunan ya sake tsallakowa, da faɗansa da komai.

"Na'am, Inna," in ji ta, da iyakar muryar da ta rage mata.

"Sai yanzu? Tun yaushe nake kiranki?"

Ƙarar motar ta ɗauke. Yaya ya fito, ya tsaya ya goge fuska da hularsa, ya zagaya baya ya buɗe but ya sauke jakar a gefen titi.

Murna ta kama Tela har ta kai ƙafa za ta sake rugawa. Inna ta ɗaga yatsa ta taga.

"A'a. Ke ba kya zama wuri ɗaya. Tsaya nan inda nake ganinki."

Ta mayar da ƙafar. Ta tsaya a bakin ƙofa hawaye na zuba, titi a tsakaninsu, uwarta tana kallonta.